GASAR NEMAN ASALI: ZUMUNCI MUKE NEMA KO TUTIYA?



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya fitar da mu baki ɗaya daga tsatson Annabi Adamu (AS). Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwana matasa maza da mata, yau ina so mu ɗan tattauna a kan wani abu da ke ƙara samun karɓuwa a wurin ma'abota shiga intanet, wato gasar binciken tarihin dangi. Ga wanda bai taɓa cin karo da ita ba, ga yadda take: mutane kan haɗu su ɗora wa kansu wani aiki mai wa'adi a kan binciken magabatansu, kowa ya je ya yi nasa, sannan ya dawo ya nuna wa 'yan'uwa abin da ya samo. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara ita ce wadda wata Ba'amurkiya mai binciken nasaba, Amy Johnson Crow, ta ƙirƙiro a shekarar 2014, ta magabata 52 cikin mako 52. Kowane mako mutum zai ɗauki mutum ɗaya daga cikin kakanninsa ko danginsa, ya bincika rayuwarsa, ya rubuta ko da 'yan layuka ne. Amfanin abin shi ne, ganin wasu suna yi yana hana mutum kasala. A wajenmu kuwa, abin ya fi zuwa da sigar tambaya: kakanni nawa za ka iya jerowa ba tare da ka yi tuntuɓe ba?

Ra'ayina a taƙaice shi ne mu shiga, kuma mu shiga da gaggawa, musamman mu mutanen yammacin Zamfara, 'yan Anka da Gummi da Bukkuyum. Sai dai aiki ne mai kaifi biyu. Wanda ya shige shi da niyyar sada zumunci da tsare haƙƙin bayin Allah ya yi ibada, wanda kuwa ya shige shi don ya ce gidansu ya fi gidan wasu, to ya farfaɗo da ɗabi'ar jahiliyya ne da wayar hannu.

MATSAYIN NASABA A MUSULUNCI

Sanin nasaba ba baƙon abu ba ne a addininmu. A cikin Suratul Hujurati, aya ta 13, Allah Ya bayyana hikimar da ta sa Ya karkasa mu dangi-dangi da ƙabila-ƙabila, wato domin mu san juna, kuma a cikin ayar dai Ya sanya taƙawa ta zama ma'aunin ɗaukaka a wurinSa. Imamu Tirmizi ya ruwaito hadisin da ke kwaɗaitar da mu koyon nasabarmu gwargwadon abin da zai ishe mu sada zumunci. Sayyidina Abubakar (RA) shi ne ya fi kowa sanin salsalar Ƙuraishawa a zamaninsa, kuma malamai irin su Ibnul Kalbi da Ibnu Hazmi sun wallafa manyan littattafai a wannan fanni. A nan ƙasarmu ma, Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta nasabar gidansu da jerin malaman da ya yi karatu a wurinsu, haka kuma Waziri Junaidu ya yi wa tarihin danginsu hidima mai yawa.

Amma addinin da ya buɗe ƙofar shi ne kuma ya sa mata iyaka. Imamu Muslim ya ruwaito cewa alfahari da asali da sukar nasabar mutane suna cikin halayen jahiliyya da za su wanzu a cikin wannan al'umma. Bukhari da Muslim sun ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan mutumin da ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba alhali yana sane. Ke nan akwai ginshiƙai guda uku da ya kamata mai bincike ya riƙe tun kafin ya ɗauki alƙalami: ya nemi sani domin zumunci, kada ya yi taƙama ko ya soki wani, kada kuma ya ƙirƙiri abin da babu.

ME YA SA NAKE CEWA DA GAGGAWA?

Na san wani zai ce, Malam, mutanen da ke fama da abin da za su ci, suna kwana da fargabar 'yan bindiga, ina su ina lissafin kakanni? Ai wannan aikin wanda ya ƙoshi ne. Tambaya ce mai ma'ana, amma a ganina halin da muke ciki shi ne ma babban dalilin yin aikin.

A da, ƙauye shi ne littafin tarihinmu. Yaro yana tasowa ya ga gidan kakansa, ya san kushewar magabatansa, ya san cewa tsamiyar can ita ce iyakar gonarsu da ta maƙwabta, ya kuma san wace tsohuwa ce gwaggon babansa. Ba ya buƙatar takarda, domin garin duka shaida ne. To yau fa? Ƙauyuka da dama a ƙananan hukumomin nan uku sun watse ko sun rage mutane. Wasu suna zaman gudun hijira a cikin garin Anka, wasu sun yi Gusau, wasu Sakkwato, wasu sun tsallaka jihar Kebbi ko Neja. Tsohon da ya san salsalar gida yana wani gari, jikokinsa suna wani garin, kuma wahalar hijira ta fi saurin ɗauke tsofaffi.

Mu tuna da abin da ya faru a shekarar 2010, lokacin da gubar dalma ta wuraren sarrafa zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum. Mu tuna da hare-haren farkon watan Janairu na 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin kuma suka ce sun kai wajen 200. Ku dubi tazarar da ke tsakanin alƙaluman nan biyu. Kowane ɗaya daga cikin mamatan nan yana da suna, yana da uwa da uba, wasu sun bar mata da marayu da gonaki da basussuka. Idan danginsu ba su rubuta sunayensu ba, wa zai rubuta? Ga kuma ambaliyar da ta ci gidaje a Gummi a daminar 2024, wadda ta tuna mana cewa ko 'yar takardar da aka adana a ƙasan adaka ba ta da tabbas.

Tarihin ƙasar ma ya ishe mu darasi. Wajen tsakiyar ƙarni na 18, Gobirawa a ƙarƙashin Sarkin Gobir Babari suka ci Birnin Zamfara, suka kafa Alƙalawa. Zamfarawa suka watsu, sarautarsu ta yi ta ƙaura daga wuri zuwa wuri har ta zauna a Anka a ƙarni na 19. A shekarar 1805 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa suka sauka a Sabon Gari a ƙasar Zamfara kafin su wuce Gwandu. Ko sunayen sarautunmu shaida ne na wannan kai-kawo: Sarkin Zamfara a Anka, Sarkin Mafara a Gummi, Sarkin Danko a Bukkuyum. Jerin sarakuna ya tsira daga waccan watsuwa saboda akwai masu kiyaye shi a fada, amma salsalar talakawan da suka bi su ƙafa da ƙafa mafi yawanta ta ɓace. Yau ga wata watsuwar muna gani da idonmu, bambancin kawai shi ne wannan karon muna da biro da takarda da wayar da ke ɗaukar murya.

HAƘƘOƘIN DA KE RATAYE DA SANIN DANGI

Ya ɗan'uwa, kada ka ɗauka wannan magana ce ta shauƙin tarihi kawai. Akwai hukunce-hukuncen shari'a da ba sa tsayuwa sai da sanin dangi.

Na farko, gado. Alal misali, mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyu, iyayensa kuma sun riga shi. Idan aka kasa dukiyarsa kashi 24, matar tana da 3, 'ya'yan suna da 16, sauran 5 kuwa na asabai ne, wato danginsa na wajen uba mafi kusa: ɗan'uwansa, ko ɗan ɗan'uwansa, ko baffansa, ko ɗan baffansa. Idan dangi sun watse babu wanda ya san inda wani yake, sai haƙƙin wani ya shiga cikin wani. Haka nan marayan da aka fito da shi daga ƙauye yana goye, in Allah Ya kawo zaman lafiya ya koma, da me zai nuna cewa gonar nan ta ubansa ce?

Na biyu, shayarwa. Wannan shi ne reshen da masu zana bishiyar dangi irin ta Turawa ba su san da shi ba, alhali a wurinmu nono yana haramta abin da jini ke haramtawa na aure. A mazhabar Imamu Malik, ko sau ɗaya jariri ya sha nonon mace a cikin shekara biyu na farkon rayuwarsa, ta zama uwarsa ta shayarwa, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa. Ku yi tunanin jarirai nawa ne uwayensu suka rasu ko aka sace su, wata maƙwabciya ta tausaya ta shayar da su a wurin gudun hijira. Nan da shekara ashirin yaran nan za su isa aure. Idan ba a rubuta ba, kuma tsohuwar da ta sani ta kwanta dama, ana iya ɗaura auren da Allah Ya haramta ba tare da kowa ya sani ba.

Na uku, waliccin aure da riƙon marayu. Yarinyar da mahaifinta ya rasu, danginsa ne ke da haƙƙin walicci kafin a kai ga alƙali, kuma dangi ne ya kamata su fara sanin halin da take ciki. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, amma ƙafa ba ta zuwa gidan da ba ta sani ba.

INDA HAƊARIN YAKE

Yanzu bari mu juya ɗaya gefen. Duk abin da aka kira gasa, zuciya takan so ta ci. A gasar asali kuwa, hanyar ci mafi sauƙi ita ce ƙari. Sai ka ga wanda da ƙyar ya san sunan kakan kakansa ya jero mutum ashirin, ya dire a kan wani sharifi, ko wani mai tuta, ko wani sarki. Wannan tsohuwar cuta ce. Ibnu Khaldun a cikin Muƙaddimarsa ya soki gidajen mulki da ke laƙaba wa kansu nasaba mai daraja wadda ba ta da tushe. A zamanin nan ma, littafin Roots na Alex Haley da ya fito a 1976, wanda ya danganta asalinsa da ƙauyen Juffure na ƙasar Gambiya, ya zaburar da ɗimbin baƙaƙen fatar Amurka neman tushensu, amma daga baya masana tarihi suka gano cewa labarin da aka ba shi a ƙauyen bai dace da sauran hujjoji ba. Mai ba da labari yakan faɗa wa baƙo abin da ya lura baƙon yana son ji. Haka ma maroƙa da makaɗan fada: sun san salsala ƙwarai, amma sana'arsu zuga ce, don haka a karɓi maganarsu a auna.

Mu yi koyi da malamanmu. Nasabar Manzon Allah (SAW), wadda ta fi kowace nasaba daraja da kulawa, malamai sun haɗu a kanta har zuwa Adnanu, abin da ke sama da nan kuma suka bayyana cewa akwai saɓani. Idan an yi wannan tsantseni a nasabar fiyayyen halitta, ni da kai mene ne namu na ƙago suna don mu cike gurbi? Wanda ya tsaya a kaka na huɗu da gaskiya ya fi wanda ya kai na ashirin da ƙarya.

Haɗari na biyu shi ne kunya da gori. Mai bincike na gaskiya zai ci karo da abin da bai zata ba. Wataƙila ya tarar kakar kakansa baiwa ce, domin sai a 1936 ne dokar mulkin mallaka ta soke bauta kwata-kwata a Arewacin Nijeriya, ka ga ba nisa can ba ne. Wataƙila ya tarar kakansa na uku Bamaguje ne, ko Badakkare daga ƙasar Zuru da muke maƙwabtaka da ita, wanda ya musulunta da girmansa. Mene ne abin kunya a nan? Sahabbai kansu mafi yawansu iyayensu ba Musulmi ba ne. Nafi'u, malamin Imamu Malik, bawan Abdullahi ɗan Umar ne da aka 'yanta, kuma ta hanyarsa aka sami ɗaya daga cikin ingantattun silsilolin hadisi. Aɗa'u ɗan Abi Rabah, baƙar fata ne kuma 'yantaccen bawa, amma shi ne mai fatawar Makka a zamaninsa. Abu Lahabi kuwa baffan Annabi ne, Bahashime tsantsa, ina nasabar ta kai shi? Wanda ya gano kakansa ya bar bautar iskoki ya karɓi kalmar shahada, kamata ya yi ya yi wa kakan nan addu'a ta musamman, domin ta dalilinsa Allah Ya sa aka haife shi a cikin Musulunci. Abin da ke haram ƙarara shi ne ka binciko irin wannan a gidan wani, ka mai da shi makamin gori ranar da kuka yi saɓani, ko ka hana ɗansa aure saboda shi.

Haɗari na uku ya fi kowanne kusa da mu. Kowa ya san yadda aka shafa wa rikicin Zamfara launin ƙabilanci, har wasu ke maganar Bahaushe zalla da Bafillace zalla, kamar Allah bai taɓa haɗa su a masallaci ɗaya ko a shimfiɗar aure ba. Idan ba a yi hattara ba, gasar asali tana iya zama rumfar masu wannan kira. Amma ni ina ganin binciken gaskiya maganin wannan cuta ne. Mutumin Gummi ko Anka da zai bi dangin uwa da na uba duka biyu har hawa huɗu, mutum goma sha shida ke nan a hawa na huɗu kaɗai, da wuya ya same su duka 'yan ƙabila ɗaya. Zai ga Bazamfare, ya ga Bagobiri ko Bakabe ko Bakatsine, ya ga Bafillatana, wataƙila ya ga Babarbare ko Buzu da fatauci ya kawo. Masu da'awar zalla layin uba kaɗai suke bi, su bar sauran goma sha biyar a duhu. Mai laifi a hukunta shi da laifinsa, amma wanda ya san cewa kakarsa daga ruga aka auro ta, harshensa zai yi nauyi wajen la'antar ƙabila sukutum.

YADDA ZA MU YI AIKIN

Ga 'yan shawarwari ga wanda ya yi niyya.

Ka fara da rayayyu. Takardar da ke ma'adana za ta jira ka, tsohuwa ba za ta jira ba. Ka je da ladabi, ka gaishe ta, ka riƙa mata ɗan goro ko abin da ya sawwaƙa, ka nemi izini kafin ka ɗauki muryarta. Kuma ka fi mai da hankali ga mata, domin su ne suka san wa ya auri wa, wa ya shayar da wa, wane ɗa ne ya rasu yana jariri. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya nuna irin taskar da ke cikin kan tsohuwa guda ɗaya. Ke ma 'yar'uwa, wannan fage naki ne, domin akwai abin da Inna ko Gwaggo za ta faɗa miki wanda ba za ta faɗa wa ɗa namiji ba.

Ka nemi sunan yanka. Saboda alkunya, mace ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari, yaron da ya ci sunan kakansa kuma ana sakaya shi da laƙabi. Shi ya sa za ka ga mutum ya girma bai san ainihin sunan kakarsa ba. Ga kuma al'adar makarantun boko ta sa wa yaro sunan garinsu a madadin na mahaifinsa. Duniya ta san Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya rasu a 1992, da sunan garinsu, amma sunan mahaifinsa Malam Mahmudu bai ɓace daga sunansa ba. Da yawa daga cikinmu sunan gari kaɗai ya rage a takardunsu. Sai dai kada ka yar da laƙabin, domin shi ma hujja ne. Tanko namiji ne da ya biyo bayan mata, Kande mace ce da ta biyo bayan maza, Gambo ya biyo tagwaye, Azumi da watan Ramalana aka haife ta, Nomau kuma da lokacin noma. Ɗanladi da Talatu da Balarabe da Asabe sun gaya maka ranar haihuwarsu da kansu.

Ka auna shekaru da manyan al'amura. Tsoho ba zai ce maka an haife shi a shekara kaza ba, amma zai ce yana ɗan saurayi aka kashe Sardauna, wato 1966, ko an yi aurensa shekarar canjin hannu, 1972, ko shekarar da naira ta maye gurbin fam, 1973, ko lokacin babban fari na 1973 zuwa 1974. Wani zai ce an haifi ɗansa shekarar da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya rasu, 1988, ko shekarar da aka ba mu jihar Zamfara, 1996. Na da can kuwa sukan auna da zuwan Turawa Sakkwato a 1903.

Ka riƙe isnadi. Wannan al'umma ita ce ta koya wa duniya tambayar wa ya faɗa maka. A ƙarƙashin kowane labari ka rubuta sunan wanda ya ba ka, da ranar, da ko ya gani da idonsa ne ko ji ya yi. Idan tsofaffi biyu suka saɓa, ka rubuta duka ruwayoyin biyu, kada ka zaɓi wadda ta fi yi maka daɗi.

Sannan ka nemi rubutattun hujjoji. A gida akwai bangon Alƙur'ani da gefen littattafan malamai, inda sukan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami, akwai takardun rabon gado na kotun alƙali, da rasiɗan haraji da jangali, da tsofaffin fasfo na aikin hajji. A waje kuma akwai Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, mai ɗauke da rahotannin gundumomin tsohon Lardin Sakkwato, da Arewa House a Kaduna, da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Bajamushen nan Kurt Krieger ya buga littafi a kan tarihin Zamfara a 1959, Dokta Garba Nadama kuma, wanda daga baya ya zama gwamnan tsohuwar jihar Sakkwato, ya yi digirinsa na uku a kan tarihin Zamfara a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977. Waɗannan za su ba ka tarihin gari da sarauta, sunan kakarka kuwa sai a bakin danginka.

ABIN DA BA A BAJEWA A KASUWA

Ya kai mai karatu, a yankin da ake satar mutane don kuɗin fansa, jerin dangi da garuruwansu da sana'o'insu tamkar taswira ce ga azzalumi. Don haka kada ka sa sunayen rayayyu, ko hotunansu, ko inda suke zaune, ko wanda ke aiki a Abuja da wanda ke da shanu, a wurin da kowa zai gani. Abin da za ka nuna wa abokan gasa shi ne labarin magabatan da suka daɗe da rasuwa da darasin da ke cikinsa. Cikakken kundin kuwa na cikin gida ne. Haka nan aibin mamaci da sirrin aure ba kayan bajewa ba ne, addini ya umarce mu da suturta Musulmi, rayayye da matacce.

Ka kuma san wanda kake miƙa wa bayananka. FamilySearch, ɗaya daga cikin manyan ma'adanan nasaba na duniya, wadda ke tattara salsalar baka a ƙasashen Afirka har da Nijeriya, mallakar cocin Mormon ce, kuma a aƙidarsu akwai yi wa matattu baftisma. Kamfanin gwajin ƙwayoyin halitta na 23andMe an yi masa kutse a 2023 aka kwashi bayanan miliyoyin mutane. Game da shi kansa gwajin, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a zamanta na Makka a 2002 ta yanke cewa bai halatta a yi amfani da shi don kore nasabar da ta tabbata a shari'a ba, ko don sake bincikar ingancinta. Ke nan Musulmi ba ya ɗaukar sakamakon wani kamfani ya je yana tuhumar iyayensa ko na wani.

Kuma kada ka dogara da waya ita kaɗai. Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar Zamfara na tsawon makonni. Waya tana ɓata, tana lalacewa, ana ƙwace ta. Ka rubuta a littafi mai bango, ka yi kwafi biyu ko uku, ka ajiye a hannun dangi a garuruwa daban-daban.

KAMMALAWA

Saboda haka ina kira ga matasanmu da su shiga wannan gasa, amma mu sauya ma'aunin cin ta. Maimakon mu tambayi wa ya fi dogon jeri, mu tambayi wa ya gano ɗan'uwan da aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba ya kai masa ziyara. Wa ya gano marayan danginsu a wurin gudun hijira ya ɗauki nauyin karatunsa? Wa ya rubuta 'yan'uwan shayarwa na gidansu? Wa ya mayar da gonar gado ga mai ita? Ku haɗu ku biyar ko goma, 'yan gida ɗaya ko 'yan unguwa ɗaya ko ɗaliban Islamiyya ɗaya, ku ɗauki mutum ɗaya kowane mako, ku haɗa da mata da waɗanda suka rasu suna yara. Kowane suna kuka rubuta na Musulmin da ya riga mu, ku bi shi da addu'ar neman gafara, domin ita ce abin da ya fi buƙata daga gare mu. A ƙarshen shekara za ku sami mutum 52 a rubuce, kuma in Allah Ya so za ku sami ƙofofin zumunci da dama da suka buɗe.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya gafarta wa waɗanda aka kashe bisa zalunci, Ya mayar da masu gudun hijira gidajensu cikin aminci, Ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Ya tsare harsunanmu daga alfahari da gori, Ya sa mu cikin masu sada zumunci. Amin summa amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.